Daga Rariya Zuwa Inji: Tarihin Tankaɗe Yashi da Tsakuwa, da Abin da Ya Ci Kafin A Iya Shi

Idan ka taɓa tsayawa a wurin gini a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, ka san abin da za mu yi magana a kai, ko da ba ka taɓa ba shi muhimmanci ba. Katako huɗu ne aka haɗa, aka buga musu ragar waya, aka tokare da sanda. Lebura yana ɗibar yashi da shebur yana watsawa. Mai laushin ya ratsa ya taru a baya, tsakuwa da ɓarɓashin itace da curin laka su gangaro gabansa. Mai gida yana can yana lissafin buhunan siminti da rodi, ko kallon ragar ba ya yi. Alhali ƙarfin bulon da za a buga masa, da daɗewar kankaren da za a zuba, daga wannan ragar suke farawa.

A manyan ayyuka ragar nan ta zama inji. Za ka same shi a wurin fasa dutse, da sansanin 'yan kwangilar titi, da wasu manyan wuraren buga bulo. Sai dai injin ya iso mana a bayan mota, tarihinsa bai biyo shi ba. Kusan kowace ƙa'ida da ke cikin littafin aikinsa, sai da wasu suka rasa hannu ko huhu kafin a rubuta ta. Wannan tarihin muke so mu ba ka, domin wanda ya san dalilin ƙa'ida ya fi riƙe ta a ranar da ake gaggawa.

Ƙasar da ba ta da dutsen fasawa

Mu fara da ƙasar da kake takawa. Tambuwal da Kebbe suna cikin abin da masana ilimin ƙasa ke kira Kwarin Sakkwato, wani sashe na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙa har Nijar da Mali. Miliyoyin shekaru da suka wuce, teku ya sha malalowa ya rufe sassan wannan yanki sannan ya janye, ya bar shimfiɗu na yashi da laka da dutsen farar ƙasa. Ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa da aka tono a Dukamaje shaida ne. Haka ma dutsen Kalambaina, wanda kamfanin simintin Sakkwato da aka kafa a 1962 ya fara sarrafawa a 1967.

Me wannan ke nufi ga magini? Irin dutsen nan mai tauri da kake gani a Kwatarkwashi da kewayen Gusau, babu shi a nan. Tsakuwar fasasshen dutse sai an ɗauko ta daga nesa a tifa, kuɗin mai ya hau kanta. Abin da ke kusa shi ne yashin rafuka da na Gulbin Zamfara, wanda ke gangarowa daga wajen Gummi zuwa Jega, sai kuma birji da marmara a kan tudu. Duk waɗannan a gauraye suke zuwa, da laka, da manyan duwatsu, da datti. Ka ga ke nan a irin wannan ƙasa tankaɗe ya zama dole.

Kakanninmu sun san haka tun kafin siminti. Mai yin tubali yakan tsince duwatsu da saiwoyi daga ƙasa kafin ya jiƙa ta, ya zuba ciyawa, a tattake. Matan da ke yin daɓe sukan zaɓi birji daidai wa daida, su fitar da manyan, sannan su yi ta bugu da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba. Ba su da ma'aunin milimita, amma ido da hannu sun koya musu cewa kayan gini idan girmansu bai daidaita ba, aikin ba ya ƙarko.

Yadda girman dutse ya zama lissafi

Wanda ya mayar da wannan sani doka a aikin titi shi ne John Loudon McAdam, ɗan ƙasar Sikotilan, wanda aka ɗora a kan hanyoyin yankin Bristol na Ingila a 1816. Ya lura cewa manyan duwatsu su ne ke lalata hanya, domin ƙafar keken doki tana tunkuɗe su su bar rami. Sai ya ce a farfasa dutse ƙanana, kada ɗaya ya wuce nauyin oza shida, kimanin giram 170. Masu duba aikinsa da sikeli suke yawo. Ana ma ba da labarin cewa lebura kan gwada dutse da bakinsa: in ya shiga, ya yi. Waɗanda suka bi tsarinsa daga baya sun yi amfani da zoben ƙarfe mai faɗin inci biyu, duk dutsen da ya ƙi ratsawa a sake fasa shi. Wannan zoben shi ne rariya mai ƙofa ɗaya.

Duk da guduma ake yin fasar, mutane na zaune a bakin hanya, kamar yadda har yau za ka ga mata da yara na yi a wasu garuruwanmu. A 1824 Joseph Aspdin na garin Leeds ya yi rajistar simintin da ake kira Portland, buƙatar tsakuwa ta ƙaru. A 1858 Eli Whitney Blake na New Haven a Amurka ya yi rajistar injin fasa dutse mai muƙamuƙi biyu na ƙarfe, ɗaya a tsaye, ɗaya na taunawa. To daga nan fa matsala ta sauya. Inji na fitar da dutse da yawa, amma a cakuɗe, manya da ƙanana da gari. Rariyar hannu ta kasa bin sa. Dole ita ma ta zama inji.

A 1907 wasu injiniyoyin Amurka biyu, William Fuller da Sanford Thompson, suka nuna da gwaji abin da ke faruwa a cikin kankare. Manyan duwatsu na barin gurbi a tsakaninsu, matsakaita su cike, yashi ya cike abin da ya rage, siminti ya lulluɓe kowa ya ɗaure. In aka rasa wani girman, gurbin siminti ne zai cike shi, ko kuma ya zauna fanko. A 1918 Duff Abrams, a birnin Chicago, ya ƙara da cewa ƙarfin kankare na raguwa gwargwadon yawan ruwan da aka zuba wa siminti. Nan laka ke yin ɓarna biyu: tana manne wa tsakuwa ta hana siminti kama ta, kuma tana shan ruwa har mai kwaɓi ya ƙara. A ma'aunin da ake bi yau, abin da ya ratsa rariya mai ƙofar milimita 4.75 shi ne yashi, abin da ya tsaya shi ne tsakuwa, abin da kuma ya ratsa milimita 0.075 gari ne da laka.

Kai ma za ka iya gwadawa. Zuba yashi rabin kwalba, cika da ruwa mai ɗan gishiri, girgiza, ajiye kamar awa uku. Laka za ta kwanta a saman yashin, ka gan ta da ido. In kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, a wanke shi ko a nemi wani.

Yadda injin yake aiki

Iri biyu ne suka shahara. Na farko ganga ce ta raga, a ɗan karkace, tana juyawa a hankali. Kaya na shiga ta sama, ƙananan na zubewa ta ƙofofi, manyan na fita ta ƙarshe. Ita ce ta yi tashe a ƙarni na 19, sunanta ma a wurin masu aikin, trommel, kalmar Jamusanci ce mai ma'anar ganga. Na biyu, wanda ya mamaye aikin a ƙarni na 20, akwatin ƙarfe ne mai hawa biyu ko uku na raga, yana zaune a kan sifirin, a karkace kimanin digiri 15 zuwa 25. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da aka ɗora wa nauyi a gefe guda da gangan. In ta juya, sau ɗari bakwai zuwa dubu a minti, akwatin duka ya ɗauki rawa.

Duk macen da ta taɓa rairaye gero a faifai ta san sirrin. Girgiza na sa ƙananan su nutse ƙasa, manyan su taso sama. Saboda haka in ka cika wa inji kaya, ƙananan ba za su kai ga raga ba kafin su fice, ka yi asarar mai a banza. In yashin na da danshi da laka, kamar na damina, ƙofofin su toshe. In dutse ya yi kusan daidai da ƙofa, ya maƙale. Riƙe wannan, domin toshewar nan ce ke kai hannun mutum cikin inji.

Haɗarin da ke kamawa nan take

Inji ba ya aiki shi kaɗai. Akwai mazubin kaya, akwai bel da ke kawowa, da wanda ke kwashewa, da ƙaramin bel da ke haɗa mota da sandar girgiza. Duk inda bel ya haɗu da gargaren da yake zagayawa, baki ne a buɗe. Yakan fara da bakin shebur ko hannun riga, kafin ƙiftawar ido ya ja hannu har kafaɗa. Ba jarumin da ya fi shi sauri.

Turawa sun koyi wannan a masaƙun auduga, inda injina suka yi ta cin yatsu da hannayen mata da yara, har majalisar Birtaniya ta yi dokar masana'antu ta 1844 da ta tilasta rufe sassan inji masu haɗari. Tamu dokar masana'antu ta 1987 ta ɗauki wannan ƙa'idar: duk sashen inji mai haɗari a yi masa shinge. Amma shinge bai hana wani nau'in mutuwa ba: mutum na cikin inji yana gyara, wani ya zo ya kunna. A 1989 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta kafa ƙa'idar kullewa: mai gyara ya kashe wuta daga tushe, ya sa kwaɗonsa a makunnin, makulli na aljihunsa, ya rataya alama.

A wurinmu wannan ƙa'ida ta fi zama dole, saboda wani abu da ka fi kowa sani. An ɗauke wuta, inji ya tsaya, yaro ya ce bari in yi amfani da damar nan in kankare raga. Sai a kawo wuta, ko wani ya tayar da janareta daga nesa bai san da mutum a ciki ba. Injin da ya tsaya don an ɗauke wuta ba kasasshe ba ne, a kunne yake yana jira.

Haɗarin da ke jira shekaru

Na biyun ya fi tsufa kuma ya fi kisa. A 1556 aka buga littafin Georgius Agricola kan haƙar ma'adinai a Jamus, da zanen rariyoyin zamaninsa, kuma a ciki ya yi bayanin ƙurar da ke cinye huhun mahaƙa. A 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta kan ciwon ƙirjin masu sassaƙar dutse, ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. A 1870 aka raɗa wa cutar suna silikosis.

Sinadarin silika shi ne jigon yashi, kuma yana da yawa a dutsen da ake fasawa. Ƙwayar yashi ba ta shiga huhu, ta yi girma. Amma in aka fasa, aka niƙa, aka girgiza a bushe, ana samun gari mai ƙanƙantar da ba ta kai maikiron 10 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kanka kuwa kimanin maikiron 70. Wannan garin ido ba ya ganinsa, gashin hanci ba ya tare shi. Yana wucewa can ƙuryar huhu, sojojin jiki su haɗiye shi su mutu, wurin ya yi tabo. Tabo kan tabo, huhu ya ƙandare. Galibi sai bayan shekara goma ko fiye mutum zai fara haki, a lokacin ya daɗe da barin aikin. Ba a warkar da tabon, kuma mai shi ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka.

Injina sun ninka ƙurar. A 1930 aka fara haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, kusan kilomita biyar a cikin dutse mai yawan silika. Leburori kimanin 3,000, yawancinsu baƙaƙen fata 'yan ci-rani, suka yi ta huda dutse a bushe, babu ruwa babu takunkumi, don a yi sauri. Wasu cikin watanni suka fara faɗuwa. Binciken majalisar dokokin Amurka a 1936 ya ƙirga mamata 476, wani binciken da likita Martin Cherniack ya wallafa a 1986 ya kai adadin 764. A shekarar 1930 ɗin dai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi taro na farko kan wannan cuta a Johannesburg, inda mahaƙar zinariya ta riga ta cinye dubbai. A 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu.

In kana ganin wannan labarin nesa ne, waiwaya gabas da Kebbe. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Ana niƙa dutsen zinariya a bushe, da irin injin niƙan hatsi, a cikin gari har cikin gidaje. Dutsen na da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi hannun yara zuwa baki. Yara sama da 400 suka rasu. Yashin gini ba shi da wannan gubar, amma darasin hanya ɗaya ne: ƙurar dutse ba ta tsayawa a wurin aiki, tana bin iska da rigar uba zuwa gida. Masu magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan, ruwan na gaske ake nufi.

Kafin ka tayar da inji

To yanzu ka ga daga ina kowace ƙa'ida ta fito.

Na farko, wuri. A dasa inji a ƙasa mai tauri, a daidaita shi, domin in ya karkace kaya za su taru gefe guda, raga da sifirin su ci gefe. A nisanta shi daga gidaje, makaranta da rijiya. A lura da iska: a hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, da damina daga kudu maso yamma. Mutane su tsaya inda iska ke fitowa.

Na biyu, dubawa, inji na kashe kuma a kulle. Girgiza na kwance noti, saboda haka a bi su kullum. A duba sifirin ko ya karye ko tsakuwa ta cika shi, raga ko ta yage ko ta saki, boris ko yana son giris, da murfin kowane bel. Murfin da aka cire don gyara, a mayar da shi kafin a kunna. A gwada makunnin tsayar da gaggawa, kowa a wurin ya san inda yake.

Na uku, tufafi. Babbar riga, jallabiya, rawani mai jela da gyale ba su da wuri kusa da bel. Sai riga mai kama jiki, takalmi mai rufi, hular kwano, tabarau da abin toshe kunne. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta kai wajen desibel 85, inda kunne ke fara lalacewa a hankali.

Na huɗu, tayarwa. A zagaya a ƙirga mutane, a yi shela. A fara kunna bel ɗin kwashewa, sai injin tankaɗe, mazubi a ƙarshe. Kashewa kuwa a juya: a tsayar da zubi, a bar inji ya zubar da abin da ke kansa. A tayar da shi babu kaya. Lokacin tashi da lokacin tsayawa zai yi wata muguwar jijjiga ta 'yan daƙiƙu, domin saurinsa na ratsa daidai rawar sifirin ɗinsa. Kada kowa ya raɓe shi a lokacin.

Na biyar, toshewa. Ba sanda, ba shebur, ba hannu, sai an kashe an kulle. In injin dizal ne, a zare makulli a cire kan batir. In wuta aka ɗauke, a kashe makunni a kulle kafin kowa ya taɓa komai.

Na shida, ƙura. A riƙa fesa ruwa kaɗan a wurin zubi da inda kaya ke faɗowa, daidai yadda zai kwantar da ƙura ba tare da ya toshe raga ba. Kada a yi shara a bushe. Ƙyalle ko rawani a hanci yana tare ƙurar da ido ke gani ne kawai, wadda ke kisa sai takunkumi irin N95 ko FFP2 da ya kama fuska sosai, kuma shi ma bayan ruwa yake zuwa. A bar kayan aiki a wurin aiki, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Yara masu talla da almajirai kada su shiga fili.

Mai inji zai ce duk wannan kuɗi ne da ɓata lokaci. Kwaɗo nawa yake, durom ɗin ruwa nawa yake? Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta tanadi biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cutar aiki, amma lebura mai karɓar kuɗin yini da ba a yi masa rajista ba da wuya ya ga komai, kuma ba diyyar da ke mayar da hannu.

In kai ne mai ba da aikin, ka leƙa inda ake tankaɗe maka kaya, ka duba murfin bel da tiyon ruwa. In kai ne mai tayar da injin, makulli ya zauna a aljihunka duk lokacin da hannunka ke ciki. In kuma kana da wa ko uba da ya yi shekaru a wurin fasa dutse, yanzu yana tari yana haki, ka kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa a yi gwajin tarin fuka. Ko likita bai tambaya ba, ku faɗa masa aikin da ya yi da shekarun da ya yi a ciki.